Wa Zai Ce wa Inji Ya Isa?

Ɗana na biyu ne ya kawo maganar, wata Juma'a bayan La'asar, muna zaune a ƙofar gida tireloli suna ta gurnani a kan gadar Kwangila. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ku dubi wannan." Wani ɗan kasuwa ne a Kano ya turo masa bidiyo: ɗan ƙaramin inji a kan taya biyu kamar baro, da bokitin ƙarfe mai murfi, da tiyo, da wasu kofuna huɗu da ake maƙala wa saniya a hantsa. Madara na gudu a cikin tiyon fara tas. Ya ce iri biyu ne a hannun mutumin, mai bokiti ɗaya da mai bokiti biyu, akwai na lantarki akwai na fetur, kuma in muka yanke shawara kafin wata ya mutu zai yi mana ragi.

Shanuna goma sha ɗaya ne, a wani fili da na saya a gefen hanyar Shika da kuɗin sallamata bayan na ajiye alli. Bakwai Bunaji ne, fararen shanunmu na gado. Huɗu kuma 'yan haɗi ne, ruwa biyu, uwa Bunaji uba Firiziyan, irin haɗin da aka daɗe ana gwajinsa a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, wadda ta fara a matsayin gonar kiwo tun 1928 kafin ta zama NAPRI a 1976. Mai kula mini da su wani dattijon Bafulatani ne da nake kira Baffa, shekara tara ke nan muna tare. Shi ne mai tatsa. Yanzu yatsunsa sun fara ƙin lanƙwasuwa, musamman da hunturu, sai ya gasa su a bakin wuta kafin ya iya kama kan nono. 'Ya'yansa maza biyu sun bar kiwo, ɗaya yana acaɓa a nan ƙarƙashin gada, ɗaya yana Kaduna. Saboda haka maganar ɗana tana da tushe.

Washegari na kai wa Baffa wayar. Ya kalli bidiyon sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, ya iya ja. To wa zai ce masa ya isa?"

Wata uku na yi ina ɗauke da wannan tambaya kafin na taɓa aljihuna.

Na fara da inda kowane Musulmi zai fara. Na shiga birni wurin malaminmu, wanda muke ɗaukar karatun Muhtasar a zaurensa, na ce, "Allah gafarta Malam, ko ya halatta a tatsi saniya da inji?" Ya ce wannan ai ba ta da wuya, asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne, ba a wajabta wa kowa tatsa da hannu ba kamar yadda ba a wajabta masa noma da hauya ba. Sai ya ce in buɗe babin ciyarwa, can wajen ƙarshensa, inda Shehu Halilu, Bamisiren nan na ƙarni na 14, ya yi maganar dabbobi. Na sha wucewa ta wurin ban tsaya ba. Abin da ke ciki shi ne ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma abin da aka halatta masa a cikin nononta shi ne gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. Malam ya rufe littafin ya ce, "Ka gani, Alhaji, ba a tambaye ka da me ka tatsa ba. An tambaye ka nawa ka bari."

Ya ƙara mini da wasu hadisai biyu da Imamu Ahmad ya ruwaito, waɗanda ban taɓa jin an karanta su a huɗuba ba. A ɗaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Dirar ɗan Azwar ya tatsi wata taguwa da aka aiko da ita, da ya ga yana neman ƙwaƙule ta sai ya umarce shi ya rage wani abu a hantsar. A ɗayan kuma ya yi wa Sawada ɗan Rabi'u wasiyya cewa in ya koma gida ya gaya wa mutanensa su kyautata abincin 'ya'yan raƙuma, su kuma yanke farce don kada su ji wa dabbobi ciwo a hantsa in suna tatsa. Farce fa! Mutumin da aka ɗora wa saƙon duniya baki ɗaya ya tsaya yana maganar farcen mai tatsa. Tun daga ranar na daina kallon zaɓen inji a matsayin maganar farashi da ƙarko kaɗai.

Wani maƙwabcina, da ya ji abin da nake shiri, ya ce in rabu da shi, inji yana cire albarkar nono. Ban yarda da shi ba, har yanzu ma ban yarda ba. Iyayenmu mata sun bar dutsen niƙa sun koma injin niƙa, tuwo bai daina ƙosarwa ba. Mun bar guga mun koma burtsatse, alwala ba ta ɓaci ba. Albarka ta Allah ce, yana sanya ta inda ya so, ba a tafin hannun Baffa take kwana ba. Amma akwai abin da maƙwabcin nawa ya hango ko da bai iya faɗinsa daidai ba. Dawa ba ta jin zafi. Rijiya ba ta da ɗa. Duk injunan da suka shigo rayuwarmu a kan abin da ba shi da rai muka ɗora su, ko a kan abin da ransa ya riga ya fita. Wannan kuwa a jikin mai rai za a maƙala shi, a wurin da ya fi ko'ina taushi, safe da yamma, kullum.

Sai na nemi sanin yadda abin yake aiki, na zauna da wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Samaru, tsohon ɗalibina ne. Ya zana mini a takarda. Injin kwaikwayon bakin maraƙi yake yi. Famfo yana zuƙe iska daga cikin tiyo da bokiti, wannan zuƙar ce ke jawo madara. A cikin kowane kofi akwai roba mai laushi da ke buɗewa tana matsewa, wajen sau 60 a minti ɗaya, domin kan nono ya samu hutu jini ya zagaya, kamar yadda maraƙi yake tsotsa ya tsaya ya haɗiye. In zuƙar ta yi ƙarfi sai ta ƙuje kan nono. In ta yi rauni sai kofi ya zame, iska ta shiga ta watsa madara mai datti baya zuwa bakin nonon, daga nan ciwon hantsa ya samu ƙofa. Robar nan tana gajiya, bayan tatsa kamar 2,500 dole a sake ta, in ba haka ba ta tsattsage ta zama gidan ƙwayoyin cuta. Kuma bayan kowace tatsa sai an wanke komai da ruwan zafi da sabulunsa na musamman. Ya ce mini, "Malam, wanda ba shi da wadataccen ruwa a garkensa, cuta zai sayo da kuɗinsa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce sakin nono a jikin saniya na ɗan lokaci ne, mintuna kaɗan, kuma in madara ta ƙare aka bar kofunan a maƙale, injin ba zai daina ja ba. Nama zai ci gaba da tsotsa. A manyan gonaki akwai na'urar da ke auna gudun madara ta cire kofunan da kanta in ya ragu. Ƙananan injunan baro da ake kawo mana ba su da ita. Idon mutum ne na'urar.

Na ga abin da idona. Wani abokin ɗana ya kai mu wata gona da ke amfani da irin wannan inji, ba zan faɗi inda take ba. Mun isa ana tatsar yamma. Yaron da aka bar wa aikin ya maƙala wa saniya kofuna ya koma gefe ya jingina da bango yana danna waya. Ina kallon tiyon, madara ta tsinke, ta koma kumfa, kumfar ma ta ɗauke, injin yana ta bugawa. Saniyar tana ɗaga ƙafa tana saukewa. Da aka cire kofunan na sunkuya na duba, kawunan nonon sun yi ja sun kumbura, bakinsu ya yi kanta. A wani ɗan keji can gefe ga maruƙa uku, haƙarƙari a waje, gashi a tsaye. Na tambayi mai gonar abin da ke damun shanunsa da ciwon hantsa, sai ya ce ai injin ne ba shi da kyau, zai sauya kamfani. A hanyarmu ta dawowa ban iya yi wa kowa magana ba.

Wannan amsa tasa, "injin ne," ita ce abin da nake tsoro ga kaina. Idan farcen mutum ya yagi hantsa, ya san farcensa ne, saniya ta zabura a hannunsa, jinin ya taɓa shi. Idan roba ce ta yi, sai a samu wani abu a tsakani da za a jingina wa laifi. Amma ranar da za a tsaya, ranar da hadisin Muslim ya ce har tunkiya marar ƙaho za a karɓa mata haƙƙinta a wurin mai ƙaho, ba za a kira ƙarfe ba. Matar nan da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa, igiya ko ƙofa ce ta tsare kyanwar, ba a kuwa tuhumi igiyar ba. Wanda ya sayi inji, ya zaɓi yaron da zai riƙe shi, ya yanke yawan litar da yake so a rana, shi ne mai tatsa ko da bai taɓa saniyar ba sau ɗaya.

Na daɗe ina kallon Baffa yana tatsa, amma sai a watannin nan na gane cewa aiki biyu hannunsa yake yi. Kafin ya ja ko ɗigo, sai ya shafa hantsar gaba da baya. Wata safiya a daminar bara ya kira ni ya ce wata karsana da ta yi haihuwar fari tana da zafi a nonon baya na hagu. Ni da na duba ban ga komai ba, madarar ma fara ce. Da likita ya zo ya gwada, ciwon ne yana farawa, aka tare shi da wuri. Inji zai iya karɓar aikin ja. Aikin ji kuwa, sai dai a samu wani ya ci gaba da yinsa da gangan, don ba zai ƙara zuwa a kyauta tare da tatsa ba.

Sannan ga maraƙi. Duk wanda ya san Bunaji ya san ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Baffa yakan kwance shi daga dangwali, ya bar shi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, ya janye shi ya ɗaure kusa da ƙafarta ta gaba, tana lasarsa shi kuma yana tatsa a ƙwarya. In ya ga ya ɗebi abin da ya kamata sai ya saki maraƙin ya ƙarasa. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙone aka koma harawa da dusa, nono biyu kaɗai yake taɓawa. Satin farko na haihuwa kuwa ba ya kusantar dakashi, na ɗan ne gaba ɗaya. Baffa bai karanta Muhtasar ba, amma abin da ke cikin babin nan shi yake yi kowace safiya. Allah ya riga ya gina haƙƙin maraƙi a jikin saniyarmu, ta yadda ba za ka samu naka ba sai ka kawo mai rabon farko ya tsaya a gabanka.

Injin kuwa a wata ƙasa aka ƙera shi, don wata saniya. Shanun Turai an yi zuriya bayan zuriya ana zaɓen masu sakin nono ba tare da ɗa ba, ana raba su da 'ya'yansu tun kwanakin farko a shayar da maruƙan a bokiti. Irinsu ne kamfanin Arla ya kawo daga Denmak ya zuba a gonar da ya buɗe a Damau, ƙaramar hukumar Kubau, a 2023. Saniya ɗaya a cikinsu tana iya ba da lita 25 ko fiye a rana, ta ƙosar da ɗanta ta ƙosar da kasuwa. Bunajina in na samu lita ɗaya da rabi ko biyu bayan rabon maraƙi na gode Allah. 'Yan haɗin nan nawa sukan kai bakwai ko takwas in abinci ya samu. Ban ga laifin gonar Damau ba, tsarinta ya dace da shanunta, kuma ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da madarar gari tana bukatar irinta. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko rabin tsarin, wato injin, a ɗora wa saniyar da nononta bai kai ba, a cike giɓin da rabon ɗanta.

Kuma haka ake yi. Ɗan kasuwar nan da bakinsa ya ce wa ɗana a cire maruƙa daga uwayensu a riƙa dama musu garin madarar maruƙa, ta haka injin zai mayar da kuɗinsa da wuri. Na koma wurin Malam da wannan. Ya ce ma'aunin cutarwa ce, in maraƙi ya ƙoshi ya yi ƙiba da abin da ake ba shi, ba za a ce an zalunce shi ba. Na yarda da hukuncin. Sai dai na san kaina, na kuma san lissafi. Ranar da ka biya kuɗin inji, ka sayi fetur, ka buɗe littafin shiga da fita, duk litar da ta shiga cikin maraƙi sai ta fara kama da asara. Garin madarar nan ma kuɗi ne, kuma idan aljihu ya matse, ruwansa ake ƙarawa. Maraƙi ba ya kai ƙara. Waɗancan ukun da na gani a keji, na tabbata mai su bai taɓa zama ya ƙudurta zai zalunce su ba. Kaɗan-kaɗan aka riƙa rage musu, kowane ragi da dalilinsa.

Akwai kuma mai rabo ta uku da ɗana bai sa a lissafinsa ba. Yarjejeniyarmu da Baffa tun farko ita ce tatsar yamma ta gidansa ce. A wurin Fulani nono na mace ne, matarsa, wadda muke kira Inna, ita ke kwantar da shi ya zama kindirmo, ta kaɗa ta fitar da man shanu, ta ɗauko ƙwaryarta zuwa Kwangila inda masu jiran motocin Funtuwa da Kano suke sayen fura. Da wannan take sayen gishiri da sabulu da maganin jikokinta. Mai yin yogot ɗin da ɗana ya yi magana da shi a Sabon Gari yana son madarar duka, safe da yamma, kullum adadi guda. In na amsa masa, na karɓe sana'ar tsohuwa ba tare da na ko gaishe ta ba. Da na je na zauna da ita na faɗa mata abin da ake ciki, ta ce, "Alhaji, shanunku ne." Jin haka ya fi mini nauyi a kan a ce gardama ta yi da ni.

Kada a ɗauka ina wanke hannu ne ina ɓata ƙarfe. Hannu ma yana zalunci. Na ga masu tatsa da farce kamar na shaho, na ga ƙwaryar da ƙuda ya rufe, na ga wanda ya tofa yawu a tafinsa don nono ya yi santsi. Madarar da ta bi ta tiyo mai tsabta zuwa bokiti mai murfi ta fi wannan aminci ga yaron da zai sha. Kuma Baffa shi ma mai rai ne. In na tsaya ina tausayin saniya alhali dattijo yana durƙushe da asuba cikin sanyin Janairu yana matsa yatsun da ke masa ciwo, don kawai ni in ji daɗin cewa ana yi yadda aka gada, shi ma haƙƙi ne a wuyana. Wannan ne ya sa ban ce a'a ba.

Ga yadda muka ƙare. Kafin komai na gyara maganar ruwa, na sa tanki, aka gina murhu a gefen garke don tafasa ruwan wanki. Na ƙi mai bokiti biyu, duk da ɗana ya so shi saboda sauri, domin mutum ɗaya ba zai iya zuba wa hantsa biyu ido a lokaci guda ba, kuma saurin nan shi ne abin da nake gudu. Na ɗauki mai bokiti ɗaya, wanda ke da agogon nuna ƙarfin zuƙa da ɗan murfi garai-garai da ake ganin gudun madara ta cikinsa. Na sa aka auna robar da kan nonon shanuna kafin in biya, na kuma tabbatar ana samun robar canji a Kano, na sayo saiti biyu na ajiye. Na zaɓi na fetur saboda wutarmu ba ta da alƙawari, kuma wutar da ke hawa tana sauka ita ke rikita ƙarfin zuƙa. Bunaji bakwai ɗin nan ba a kai musu inji, ƙanin Inna ne ya dawo yana taya Baffa tatsarsu da hannu. 'Yan haɗin huɗu ne kawai na inji. Mai yogot na ce masa ta safe kaɗai zan iya ba shi, ya ɗan yi ƙorafi ya karɓa.

Ɗana ya yi lissafi ya ce da wannan tsari sai injin ya yi kusan ninkin lokacin da aka faɗa masa kafin ya mayar da kuɗinsa. Na ce na ji, na kuma yarda.

Yanzu wata biyar ke nan. Kowace safiya Baffa ne ke fara shafa hantsa, ya ja ɗigo biyu-uku daga kowane nono ya duba, sannan ɗana ya maƙala kofuna. Wayarsa tana cikin mota har a gama. Baffa yana tsugune a gefe idonsa a kan murfin, da madara ta fara tsinkewa sai ya ɗaga hannu a kashe zuƙa. Kofuna uku muke sawa. Na huɗun a toshe yake, nonon nan na maraƙi ne har ya cika wata uku.